Tsohuwar da Muka Bari a Bakin Gulbi

A Maruwa na koyi wasan, shekarar da nake aji biyu a jami'a. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ɗan kudu ne. Ya zo da wani littafin Faransanci da aka yi wa fotokopi har rubutun ya fara cinyewa, da wasu ƙwayoyi irin na ludo amma masu fuskoki da yawa, har da mai fuska ashirin. Wasan ba shi da allo, kuma ba a cin kowa. Mutum ɗaya ne ke jan labari, ya faɗi ƙasar da ake ciki da abin da ke gaban matafiya. Sauran kowa ya ƙirƙiri mutum guda, ya rubuta halinsa da kayansa a takarda, ya riƙa magana da bakinsa. In mutuminka zai yi abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwaya. Babbar lamba ta fito ya tsira, ƙarama ta fito ya sha wuya.

Da muka kammala karatu, ɗan kudun ya bar mini littafin da ƙwayar nan mai fuska ashirin, wai nauyi za su yi masa a jaka. Na dawo Garwa na sami aikin koyar da tarihi a wata koleji. Shekara biyu littafin na ƙarƙashin katifata, don ban san wanda zan tunkara da zancen ba. Ta ina za ka fara ce wa babban mutum mai gemu ya zo ku zauna ku zama mayaƙa a ƙasar da babu ita?

Ƙanwata ce ta tono shi ranar da take yi mini shara. Tela ce, a gida take ɗinki, kuma ta fi ni jin Faransanci nesa ba kusa ba. Ta karanta shi cikin kwana uku, ta zo ta same ni ina gyaran takardun 'yan aji.

"Yaya, wannan ai tatsuniya ce aka yi wa doka. Me ya sa ka ɓoye?"

Ita ta jawo ɗan kawunmu, mahauci, wanda ke gama aikinsa a mayanka tun kafin rana ta take. Na huɗunmu kuwa Dokta ne. Ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibitin unguwa, amma duk gidanmu haka muke kiransa tun lokacin da ya riƙa zuwa yana auna wa Inna hawan jini. Kirista ne, ɗan duwatsun da ke bayan Mokolo, siriri, mai yawan shiru. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Zai shigo ya ce, "Inna ya sha magani?" Tun muna dariya har muka saba.

Ranar Lahadi muke zama, in ya taso daga coci mu kuma mun yi azahar, a zauren gidanmu, kan tabarma, da jug ɗin folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara a tsakiya. Mu tashi mu yi la'asar, shi ya jira mu yana nazarin taswirar da na zana a bayan tsohuwar kalanda, mu dawo mu ci gaba har rana ta yi ja. Da farko Inna ta tayar da hankalinta. Ta ji ana cewa "jefa ƙwaya", ta leƙo ta ga manya huɗu sun duƙufa kan abin da ke gangarawa, ta ce caca aka kawo mata gida. Na rantse mata ko dala ba ta shiga ciki. Ba ta yarda ba, sai ta kawo kujerarta ta ajiye bayan ƙofar zaure don ta kama mu. Bayan wata guda, in mun tashi ita ce ke tambaya, "To, sun fita daga rijiyar ko suna ciki?"

Ƙanwata ɓarawon dawaki ta zaɓa, namiji, mai bakin tsiya, wanda ba ya shiga gari ya fita bai bar abin faɗa ba. Ɗan kawu, wanda hannunsa ke cikin jini tun asuba, ya ƙirƙiri wani ƙaton boka da ba ya cin nama kuma yana suma in ya ga an yanka kaza. Da aka zo kan Dokta, na zaci zai ɗauki mayaƙi ko mai sihiri. Ya daɗe yana juya biro a hannunsa, sannan ya ce:

"Ni tsohuwa ne."

"Tsohuwa mayya?" in ji ƙanwata.

"A'a. Tsohuwa kawai. Yana da akuya."

Na buɗe littafin na nuna masa cewa babu irin wannan a ciki, dole mutum ya kasance da wani ƙarfi ko makami. Ya ce tana da fartanya, ta san ganyaye, tana jin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma gwiwarta ta hagu ba ta da lafiya, saboda haka a rage mata saurin tafiya. Ban taɓa ganin wanda ya roƙi a rage wa mutuminsa wani abu ba. Na rage.

Kusan shekara biyu muka yi tare da waɗannan ukun. Sun shiga wani gari da ruwa ya cinye, wanda na ɗauko daga ƙauyukan da aka ce suna ƙarƙashin tafkin Lagdo, inda matattu ke ci gaba da cin kasuwarsu a ƙasan ruwa, kifaye na ratsa rumfuna. Sun kwana uku a gidan wata sarauniyar kuraye da ke neman miji, ɓarawon dawaki ya yi mata alkawarin aure ya gudu da sirdinta. Sun ratsa wata gonar auduga da ba ta da iyaka, wadda duk wanda ya tsinki ƙulli ɗaya sai ya manta sunan wani nasa. A duk waɗannan wurare, tsohuwar ce ke zuwa ƙarshe, tana jan akuya, kuma ita ce ke fitar da su. Boka zai yi ta surkulle, ɓarawo zai zare wuƙa, ita kuwa sai ta zauna ta tambayi dodon ko ya ci abinci. Dokta yana rage murya in zai yi maganarta, ya ɗan karkata kai gefe, ya riƙa dafa gwiwa. Mutumin da ba ya haɗa jimla biyar a yini, sai ga shi yana faɗa wa akuya ta daina cin zanin mutane, yana zagin boka da ragwanci, yana ba da labarin yadda ake jera duwatsu a gangaren tudu don kada ruwa ya kwashe ƙasar gona. Inna ta fi son ta a kan kowa. Har tuwo take aiko wa Dokta ta ce a kai wa tsohuwa.

Ni a lokacin ina alfahari da cewa ba na yi wa ƙwaya magudi. Abin da ta nuna shi ke nan, ko da zai ɓata labarin da na kwana biyar ina shiryawa. Ina ganin wannan shi ne mutuncin mai jan labari.

Ranar da abin ya faru, cikin zafin bazara ne, irin wanda Garwa ke yi har bango ya riƙa huci. Na shirya musu wani ƙauye a gindin tudu, ranar kasuwa. Na ce da hantsi sai ga mahaya sun ɓullo ta gabas, mahayan da ba su da inuwa, suna cinna wa rumbuna wuta. Babu faɗa da su, gudu ne kawai. Akwai jirgin kwale-kwale guda a bakin gulbi. Kowa ya jefa ƙwaya a ga ko zai kai. Ƙanwata ta sami sha bakwai. Ɗan kawu ya sami sha biyu, ya kai da ƙyar. Dokta ya jefa, ƙwayar ta gangara ta daki jug ta tsaya a kan biyu.

Ya dube ta, ya dube mu.

"Wa zai koma ya ɗauke shi?"

Ɗan kawu ya ce bokansa ne ke riƙe da sandar tuƙi, in ya saki kowa ya mutu. Ƙanwata ta kwashe da dariya ta ce, "Ɓarawon dawaki ya koma don tsohuwa? Ai ka san halinsa." Gaskiya ta faɗa, halin da ta gina masa ke nan, kuma wasa muke yi. Ni kuma da na ga dama da na ce akuyar ta ja ta, ko wani masunci ya taimaka. Ina da hanya goma. Amma na ji daɗin yadda zauren ya yi tsit, na ji labari ya zo hannuna, sai na ci gaba. Na ce jirgi ya rabu da gaɓa. Na ce kuna waiwaye kuna ganinta, ta daina gudu, ta sami wani faffaɗan dutse mai tsaga a tsakiya ta zauna a kai, ta miƙe ƙafar hagu, igiyar akuya na naɗe a hannunta. Ba ta kira ku ba. Tana ɗaga muku hannu, tana nuna ku tafi, tana ƙanƙancewa har hayaƙi ya rufe ta.

Dokta ya ninke takardarsa gida huɗu ya sa a aljihun riga. Ya ce, "Haka ne. Haka aka yi." Ya tashi ya sa takalmi. Ƙanwata ta ce ya tsaya ya sha folere, ya ce usoko, wato na gode da Fulatanci, ya fita. Muka ji tashin babur ɗinsa.

Inna ta turo ƙofa ta shigo, abin da ba ta taɓa yi ba muna zaune. Ta dube ni kamar na fasa mata tukunya.

"Kai da karatunka duka, ba ka gane ba? Shekara biyu yaron nan uwarsa yake kawo muku."

Lahadi uku bai zo ba. In na kira ya ce aiki. A na huɗun na kasa haƙuri, ranar Litinin na tashi daga makaranta na wuce asibitinsu. Na same shi yana wanke hannu. Ya ja ni ƙarƙashin wata dalbejiya a bayan ginin, inda masu jinya ke shanya, muka zauna kan benci. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce shekara huɗu kafin mu san shi, ya je gida hutu lokacin sussuka. Masu bindiga suka hawo dutsen da hantsi. Kowa ya watse. Shi ya goya mahaifiyarsa, ga 'ya'yan yayarsa biyu ƙanana suna riƙe da wandonsa, ita kuma ta ƙi sakin igiyar akuyarta. Suka gangaro har wani busasshen rafi. A nan ƙafafunsa suka ƙi. Ta ce ya sauke ta ya ɗauki yaran. Ya ƙi, ta cije shi a kafaɗa. Ya buɗe wuyan rigarsa ya nuna mini, tabon na nan, ƙaramin da'ira. Ya sauke ta, ya saɓi yaran biyu, ya gudu. Bayan kwana tara da sojoji suka bari aka koma, babu ita, babu akuya, babu ko zani.

Wata mata ta zo ta kwashe shanyarta ta tafi.

"Mesiye," ya ce, yadda ya saba kirana da Faransanci a matsayin malami, "wa ya gaya maka dutsen?"

"Wane dutse?"

"Mai tsaga a tsakiya. A kansa na ajiye shi. Ya miƙe ƙafa. Ya yi mini haka da hannu." Ya kwatanta, daidai yadda na yi a zaure.

Na ce babu wanda ya gaya mini. Na ce ƙasarsu ai duk duwatsu ce, kowane dutse kuma yana da tsaga, kuma mai ciwon gwiwa dole ya miƙe ƙafa. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ni ma na riƙa maimaita wa kaina wannan bayanin a kan babur har gida, kuma har yau shi nake maimaitawa. Amma na san lokacin da nake faɗin maganar a zaure, ba ƙirƙira nake ji ina yi ba. Gani nake yi. Har launin zanin na gani, shuɗi mai ɗigon fari, ban dai faɗa ba. Ban kuma taɓa tambayarsa launin zanin da ta ɗaura ran nan ba.

Lahadin da ta biyo ya dawo. Tun kafin ya zauna na ce na yi tunani, akwai hanyar da tsohuwar za ta tsira, wani masunci ya gan ta. Ya ce a'a.

"Kada ka gyara. Ka bar shi a can. Amma mu koma mu duba."

Ya ƙirƙiri sabon mutum, wani matuƙin jirgi da bai ba shi hali ko tarihi ba, aikinsa kawai ya mayar da su gaɓar da suka baro. Ƙanwata, wadda ta yi kwana biyu tana kuka bayan na faɗa mata, ta sa ɓarawonta ya sayar da dokinsa ya sayi guzuri. Ɗan kawu ya daina barkwanci. Suka juya suka nufi gulbin.

Ni ne na hana su isa. Ban san abin da zan ajiye a kan dutsen ba. In na ce tana nan da rai, na yi masa ƙarya a kan uwarsa. In na ce ga ƙasusuwa, na kashe ta da bakina sau biyu. In na ce babu kowa, na mayar da shi inda yake tun shekara shida. Saboda haka kowace Lahadi sai na haƙa musu rami a hanya. Gada ta karye. Sarauniyar kuraye ta biyo sawun sirdinta. Wani gari ya kama su ya ce sai sun yi masa shari'a tsakanin rana da wata. Muka ci wata huɗu a haka, damina ta sauka, Binuwai ta cika ta shanye gonakin bakinta, su kuwa suna nan tafiyar yini biyu daga dutsen.

A wannan tsakanin ne na fara jin ta. Ba mafarki ba, da rana tsaka. Ina rubutu a allo sai in ji kamar akwai mai zaune a bencin ƙarshe, wadda ba ɗaliba ba, tana jira in gama. In na tsaya sayen soya, wato tsire, a bakin hanya sai in ji ƙarar ƙaramar ƙararrawa irin ta wuyan akuya, in waiga, awaki ne kuwa, Garwa cike take da su. A zaure kuma na kama kaina ina zuba folere a kofi biyar.

Wata Lahadi da na sake tare su da ambaliya, Dokta ya ajiye ƙwayar a gabana maimakon ya jefa.

"Mesiye, kana jin tsoro."

Na ce labari ne ke da tsawo.

"Ba komai," ya ce. "Ni zan je in gani. In na dawo in gaya maka abin da za ka sa."

Ashe ya riga ya nemi hutu. Mutanensu sun fara komawa ƙauyensu na kan duwatsu suna noma da rana, wasu har suna kwana, an ce wajen ya lafa. Inna ta yi masa faɗa kamar ɗanta, ta ce ya bari sai kaka, ya ce hutun yanzu aka ba shi. Ta ƙulla masa dakuwa da kilishin da ɗan kawu ya kawo. Da zai fita ya zaro takardar tsohuwar, a ninke yadda take, ya ba ni ajiya.

Bayan kwana shida saƙon murya ya shigo wayata, ina tsakiyar darasi. Na saurara a lokacin tara. Iska na kaɗawa sosai, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa. Ya ce ya hau wani tudu ne ya sami layin waya. Ya ce ya ga rafin, ya ga dutsen, ya zauna a kai. Babu komai. Amma tsofaffi sun ce ruwa kan kwashe abu ya binne a yashi can ƙasa, inda rafin ya yi kwana, saboda haka ya ari shebur, yana tonawa kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ya ce a gaida Inna, ya sha magani. Ya yi dariya ya ce kada mu isa dutsen ba shi.

Na amsa, saƙon bai shiga ba. Na yi ta kira har ranar da hutunsa ya ƙare ta wuce.

Wani abokin aikinsa ne ya zo har gida ya faɗa mana. An yi ruwa mai ƙarfi a can saman dutse, alhali inda yake rana ake yi tas. Yana cikin ramin da ya tona a tsakiyar rafin, ruwan ya gangaro gaba ɗaya. Shi an same shi, washegari, a maƙale a saiwar wata bishiya. An binne shi a can. Da aka yi masa addu'a a cocinsu na nan Garwa, mu uku muka je muka tsaya a waje ƙarƙashin inuwa har aka tashi, Inna kuma ta aika da tukunyar kunu.

Bayan wata biyu ƙanwata ta ce mu zauna sau ɗaya mu kai su, kada mu bar mutane a hanya. Muka shimfiɗa tabarma. Na buɗe kalanda. Na ce gari ya waye, kun ratsa ciyawa, kuna jin ƙarar ruwa, ga gaɓar nan. Na ce ɗan kawu ya jefa ƙwaya a ga abin da idonsa zai fara gani. Ya ɗauka, ya jujjuya ta a tafin hannunsa, wannan hannun da ke kayar da bijimi, ya mayar ya ajiye.

"Malam, ni ba zan jefa ba."

Muka zauna. Can sai ƙanwata ta karkata kai gefe, ta dafa gwiwa, ta ce da wata ƙaramar murya:

"Tsohuwa ya ce kun daɗe."

Ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta ce wallahi ba ta yi niyya ba, ba ta san ta faɗa ba sai da ta ji. Inna daga bayan ƙofa ta ce, "Ku tashi haka nan. Ku naɗe tabarmar." Muka naɗe. Ba mu sake shimfiɗa ta don wannan labarin ba.

Takardar tsohuwar ta zauna a aljihun jakata har kaka. Na san akwai wata ƙanwar mahaifiyar Dokta da ke sayar da wake da gyaɗa a kasuwar Pitowa, ita ce ma ke riƙon yaran nan biyu. Wata Lahadi na shiga motar haya na tafi. Motocin auduga sun cika hanya, fari ya manne a ƙayoyin gefen titi. Na yi ta tambaya a layin mutanen duwatsu har aka nuna mini ita, gajeriyar mace mai ƙaramin giciye a wuya, tana auna wake da kwano.

Na gaishe ta da Fulatanci, ta amsa da Hausa. Na ce ni abokin ɗanta ne, malamin da yake zuwa gidansu ranar Lahadi. Ta ce ta sani, yana ba ta labarinmu, wai muna da wasan da ake yawo ana zaune. Ta ture buhu ta ba ni wuri. Na fito da takardar na ce tasa ce, na ga ya fi dacewa ta zauna wurinsu. Ta ce ba ta karatu, in karanta mata.

Na warware ta. Gaban na san shi, Faransanci ne da lambobi. Da na juya bayan sai na ga layi huɗu da fensir, da yarensu, waɗanda ban taɓa gani ba. Na ce mata wannan ban iya ba. Ta ce in faɗi yadda haruffan suka ce, za ta gane.

Na fara haɗawa kamar ɗan aji ɗaya, ina tuntuɓe. A layin farko ta gyara mini kalma guda. A na biyu ta ajiye kwanon. Matar da ke kusa da ita mai sayar da barkono ta juyo, ta bar cinikin da take yi. Ina shiga na uku ƙanwar mahaifiyar tasa ta kama hannuna ta matse.

"Ya isa, ɗana. Kada ka ƙarasa a nan."

Na tambaye ta me yake nufi. Ta ce kira ne. In mutum ya mutu a daji ba a sami gawarsa ba, akwai maganar da babban ɗansa ke tsayawa a ƙofar gida ya faɗa, don ya san hanya ya shigo. Tun da suka shiga coci an bar yi, kuma ita ba ta san ma Dokta ya iya ba. Ta ce ba a faɗinsa a kasuwa, ba a kuma faɗinsa a gidan da ba na mamacin ba, don inda aka faɗa nan yake zuwa.

"Ya taɓa karantawa a gidanku?"

Na ce ban sani ba. Na tuna yadda muke barinsa shi kaɗai a zaure in mun tashi la'asar, da takardar a gabansa, amma ban gaya mata ba.

Ta karɓa ta ninke, ta cusa a cikin lalitarta, ta ce in an yi Kirsimeti za ta hau dutsen ta sa babban cikin yaran nan biyu ya faɗa a inda ya kamata, sau biyu, ɗaya na uwar ɗaya na ɗan, ko da yake shi an sami gawarsa. Ta cika mini leda da gyaɗa ta ƙi karɓar komai.

A motar dawowa aka matse mu bakwai, wani Bafulatani ya ɗora mini kajinsa a cinya. Muna wuce gonakin auduga na ji leɓena na motsi. Layi biyu da rabin nan ne, sun zauna mini daram daga karatu ɗaya, har da gyaran da ta yi mini. Ban san ma'anar ko kalma guda ba. Na huɗun kuwa idona ya riga ya gan shi kafin ta tsayar da ni, shi ma yana nan. Na danne bakina da bayan hannu har muka shigo Garwa, direba yana tambaya ko amai nake ji, a tsaya.